Rediyo Biyu a Jakar Gwaggo Hajo

Zahir, Makka
20 ga Zulhajji 1435

Gaisuwa ta manya, me ƙamshin turaren udu, daga ni Bandar ɗan Zahir, Sarkin Kunnen Hijaz, wanda tun daga Jidda har Ɗa'ifa ba a haifi me jin kiɗa irinsa ba, zuwa ga ɗaukacin jama'ar majalisar Tsoho me shayi ta Gwammaja. Na kan benci da na kan bulo, masu shan na madara da masu ruwan bunu, masu kunne da masu ganyen kabeji a gefen kai, duk na gaisheku a dunƙule dan bani da lokacin bin ku ɗaya ɗaya.

Nuru taubashina, kai zaka karanta musu. Ka miƙe tsaye, ka cire hannu daga aljihu.

Alhamdulillahi an gama Hajji lafiya. Shagon baffana Ammu Mukhtaru a Aziziyya seda muka sayar da komai, agogo, tocila, rediyon karatu, har fankar da muke shan iska wani Bazazzagi ya taya. Mutanenku akwai ciniki ya shaikh. Mutum ze taya abu rabin kuɗi sannan yace ayi masa ragi saboda Annabi.

To ga abinda kuke jira shekara guda. Hukuncin Sarkin Kunne akan faifan buluz na bana. Sabbin zuwa majalisa da basu sani ba, buluz kiɗan baƙaƙen Amurka ne, jita da ganga da murya me tsatsa. In aka ƙara masa wuta har kunne yayi ƙaiƙayi se ya zama buluz rok. Ramil ɗan Filifin me gyaran kwamfuta a Jidda shi ya zuba min su kamar kullum, kuma wannan ne na ƙarshe dan ya tattara ya koma garinsu gaba ɗaya. Sunayensu da turanci ne, ni kuwa bana ɓata bakina da turanci. Da hoton bango nake gane kowa.

Na ɗaya, babu gardama, Ƙato Me Gemu. Yana zaune akan babur kamar buhun shinkafa biyu. In ya ja jitar nan ji zakai kamar bas ɗin alhazai ta shiga ramin Mina babu birki. Bansan me yake cewa ba amma daga jin muryar kasan maganar manya ce, irin ta mazan da suka ga jiya suka ga yau. Wanda be yarda ba ya tashi ya bar bencin.

Me bi masa mace ce, Me Jar Riga. Muryarta kamar injin markaɗe amma me daɗi. In ta kwarma ihu a waƙa ta huɗu se na tuna Gwaggo Hajo ranar da wani Bamisire ya taka mata ƙafa a ɗawafi.

Akwai wasu 'yan biyu farare, ɗaya da jita ɗaya da ɗan abin busa da ake gwaguya kamar masara. Ba laifi. Na basu na uku dan suna da ladabi, basa ja da nisa. Akwai kuma wani yaro me gyaran gashi da Ramil ya dage wai shine gwanin bana. Gwanin ina? Kiɗansa kamar shayin otal, ruwa ne da kala. Hassan na majalisarku ze so shi, dan Hassan ko ƙarar janareta aka sa masa kaɗa kai yake.

Na ƙarshe, can ƙasa inda ake zubar da shara, Tsohon Kujera. Wani dattijo ne zaune a ƙofar gidan katako, jita ɗaya, ba ganga ba komai, se kuka. Namiji da gemu fari yana kuka tun daga farkon faifai har ƙarshe! Ya ahi in ciwo ne kaje asibiti. Na barshi a ciki ne kawai dan ku san yadda ƙasa take. Nuru wannan naka ne, irinku ɗaya, ku masu sanyin jiki kamar kunun da ya kwana.

Yanzu ka buɗe kunne, maganar manya ce. Na bawa Ummanka Gwaggo Hajo rediyon karatu guda biyu, baƙaƙe iri ɗaya, kowanne a kwalinsa. Ɗaya Alƙur'ani ne izu sittin, na Malam Dawuda ne baban Shifa. Na rubuta sunansa da jan biro a kwalin, na haɗa da kati da larabci me kyau irin wanda ku bazaku iya ba. Ɗayan na cire memorinsa na saka na buluz, shine naka, na zana jaki a kwalin dan kar ka ɓata. Gwaggo bata san da kiɗa a ciki ba, in ta sani a Bahar Maliya zata jefa shi ta tagar jirgi. Kar ka faɗa mata.

Kasan tun azumi da Malam yazo Umara da Shifa suka shigo shagonmu maganar aurena da ita take tafiya. Yace in Gwaggo ta dawo ta kawo maganar a hukumance ze duba. Me ze duba? Ɗan Makka ne fa. Ka raka Gwaggo, ka sa riga me guga, kar ka buɗe baki se an tambayeka.

A aiko min da kilishi da masu Umarar farko, me yaji, ba irin na bara me kama da takalmi ba.

Naku me girma,
Bandar


Gwammaja, Kano
2 ga Nuwamba 2014

Zuwa ga Bandar,

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, ya Kawu da mutanen gida. Na rubuta wannan na ɗauki hotonta na turo maka ta waya, domin abin ba zai jira masu Umara ba, kuma in na kira ka ba za ka bar ni in kai ƙarshe ba.

Umma ta sauka lafiya. Takardarka na karanta a majalisa, a zaune.

Ga abin da ya faru. A sansanin alhazai na Jidda aka ɗora jakarta a sikeli ta haura kilo. Ka san yadda matan suke yi: kowacce ta zauna ta kwance kaya, a yar da duk wani kwali da leda. Umma ta yar da kwalayenka biyu, da jan biron da jakin. Rediyo ɗaya ta cusa a safa, ɗaya a cikin bokitin dabino. Katinka kuwa ta adana shi a lalitarta saboda ta ga larabci. Da ta zo gida ta jera su ta duba, ta yi bismilla, ta zaɓa wa Malam wanda ya fi sheƙi. Ina makaranta lokacin. Kafin in dawo ta riga ta naɗe shi a sabuwar darduma ta aika.

Ranar Juma'a bayan La'asar Malam ya tara mutane a zaurensa don yi wa alhazai barka da sauka. Akwai ɗalibansa, da mai unguwa, da ladan, da dattawan layin. Ya ce ga tsarabar wani yaron kirki daga Makka. Ya sa tabarau ya karanta katinka a fili, ya fassara: “Abin da ke cikin wannan rediyo shi ne abokin zamana safe da yamma, kuma na haddace fiye da rabinsa.” Zaure ya ɗauki Masha Allah. Ladan ya karɓa ya murɗa ƙarar har ƙarshe saboda mai unguwa ba ya ji sosai.

Ƙatonka Mai Gemu ne ya fito.

Mai unguwa ya ji, Bandar. Kowa ya ji, har masu awara a bakin titi. Ladan ya danna don ya kashe, sai ya tsallaka kan matar nan mai jar riga, daidai inda take ihun. Wani ɗalibi ya ce aljani ne, ya fara ayatul kursiyyu. A ƙarshe ladan ya tura rediyon ƙarƙashin buzu ya zauna a kai, tana ta rerawa daga ƙarƙashinsa, har sai da na rarrafa na ce ya ɗaga na cire batir.

Malam bai ɗaga murya ba. Cire tabarau ya yi ya ce, “To. Wannan ne ya haddace rabinsa?” Ya tashi ya shiga gida.

Umma ko ƙofar gida ba ta leƙa ba tun ranar. Ana cewa Hajo ta je Hajji ta dawo da garaya. Maganar Shifa kuwa ba wanda ya iya tayar da ita.

Shawarata ɗaya ce. Ka kira Malam da bakinka yau, ka ce ka yi kuskure, ka ba shi haƙuri. Dattijo ne mai sauƙi in aka zo masa ta ƙofa. Lambarsa tana ƙasa.

Ka gaida Kawu.

Nuru


Zahir, Makka
11 ga Muharram 1436

Salamu alaikum Nuru, ka gaida Gwaggo duk da abinda tayi min.

Kilo! Kwali nawa ne nauyinsa dan Allah? Matar da da idona naga ta sayi injin niƙa, da bargo uku, da tukunyar da za'a dafa ɗan maraƙi a ciki, wai kwalina ne yayi mata nauyi. Wannan ba laifina bane, laifin sikeli ne da mutanen Kano. Ku komai yazo daga Makka se kun tara unguwa kafin ku kunna. Ba se a gwada abu a ɗaki ba tukuna? Ko goro ana ɓarawa a duba kafin a miƙawa baƙo.

Ladanin nan kuma a canza shi. Mutumin da be san maɓallin kashe rediyo ba ya ake bashi lasifika?

Amma tsaya, waƙar farko ce ta fito ko ta biyu? In ta farko ce, sun kai wajen da jitar take hawa kamar me hawa Jabalin Nur? In basu kai ba wallahi anyi asara biyu.

Maganar in kira Malam, la la la. Ɗan Makka baya durƙusawa a waya, ba a ganin durƙuson ma, asarar gwiwa ce. Ga yadda za'ayi. Na naɗa ka wakilina. Ka ɗauki rediyon Alƙur'anin da ke hannunka ka kai masa. Kace wani Bangali ne a shagonmu ya musanya memorin saboda hassada. Bamu da Bangali a shago amma Malam baze zo ya ƙirga ba. Ka dinga zuwa kullum kana gaisheshi da sunana, kana wannan sunkuyar da kan naka da Allah ya hore maka. Dattawa suna son mutum me kama da marar lafiya. Wata ɗaya ya isa ya huce.

Ni nan ma ban tsira ba. Wani alhajin layinku me baki kamar gidan rediyo ya turowa Ammu Mukhtaru labarin a waya, da kwaikwayon ihun da komai. Ammu yazo shago ko sallama babu, yace “Ya walad, a shagona? A Makka?” Ya kira me gyara aka wanke kwamfutar tas. Faifan shekara biyar, halas, sun tafi. Yanzu duk duniya memorin da ladan ya zauna akai shine kaɗai ya rage. Ka binciko min inda yake.

Shifa kuwa kar ka damu, tana hannuna kamar rimot. Yarinyar da ta tsaya a shagona tana tambayar kuɗin agogo sau uku, kana zaton agogon take kallo? Bazan kirata ba yanzu, gara ta ɗan ji kewa, yana ƙarawa mace hankali.

Kilishin fa?

Ubangidanka,
Bandar


Gwammaja, Kano
14 ga Disamba 2014

Zuwa ga Bandar,

Bayan gaisuwa. Umma ta fara fita, ta je suna jiya, amma ta ce kar in ambaci sunanka kafin ta ci abinci.

Na kai wa Malam rediyon Alƙur'anin. Ya sa na kunna a gabansa mu biyu kawai, ya saurara, ya ce ƙira'ar ta yi kyau, ya karɓa. Labarin Bangali ban faɗa ba, ba kuma zan faɗa ba. Tambayata ya yi kai tsaye, “Nuru, ɗan'uwan nan naka da gaske ya haddace rabi?” Na ce, “Allah gafarta Malam, na wancan rediyon ya haddace.” Sai da ya yi dariya har da tari. Daga nan ya ce kiɗa tsakanin mutum ne da Ubangijinsa, shi abin da ya tsaya masa shi ne katin, da kuma shirun da ya biyo baya. Ya ce wanda ya iya rubuta kati ai ya iya buga waya.

Ina zuwa kamar yadda ka ce. Idonsa ya fara ba shi wahala, ni nake raka shi asibiti ranar Laraba, da yamma kuma in karanta masa abin da ba ya iya gani. Shifa ce take kawo abinci zaure. Makon farko ta tambaye ni ko ka aiko da saƙo, na ce kana gaishe ta. Ƙaryar da na yi dominka ke nan guda ɗaya, kuma ba ta karɓu ba. Mako na biyu ta sake tambaya. Yanzu ta daina. Sai dai ta tambaye ni yaran ajina, ko in ce mata miya ta yi gishiri.

Memorinka yana nan cikin gidan, Malam ya ba ta rediyon ya ce ta san yadda za ta yi da shi.

Bandar, ka bar wasa. Ina gaya maka tsakanina da Allah, zuwan nan da nake yi ba kai yake yi wa amfani ba. Ko ka kira a makon nan, ko ka sauke ni daga wakilcin nan. Ni ma mutum ne.

Nuru


Zahir, Makka
2 ga Rabi'ul Awwal 1436

Salamu alaikum ya wakili.

Wai kai ma mutum ne! Wallahi seda na karantawa yaran shago suka riƙe ciki. Mabruk, yaushe aka tabbatar?

Nuru habibi, yarinyar da ta ga hasumiyar agogo da idonta, ta sha iskar Haram, ta ci kabsa a Aziziyya, itace zata kalli malamin firamare me babur ɗin da se an tura? Kai ko ka shekara goma kana cewa miyar tayi gishiri, ɗanɗano kawai kake. Na baka izini, ka cigaba da zuwa, ka ci tuwon ma da sunana.

Kaga Malam yayi dariya ko? To magana ta mutu. Dattijo in yayi dariya ya sauko kenan. Da na kira tun farko da yanzu ya ɗauka ni ƙaramin mutum ne. Bayan Maulidi in na samu sarari zan kira, inyi masa larabcin da ze manta da kati.

Kace mata ta kula min da memori, kar ta bari yara su taɓa. In tana so ta saurara ta fara da Ƙato, kar ta ɓata kunnenta da tsohon nan me kuka.

Bandar


Gwammaja, Kano
20 ga Fabrairu 2015

Zuwa ga Malam Bandar,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, kai da iyayenka da duk mutanen Makka. Ni ce Shifa'u Dawuda. Na karɓi lambarka a wurin Hajiya Hajo, da sanin Baba. Maulidi ya wuce da kusan wata biyu, na ga sararin bai samu ba, shi ya sa na ce bari ni in nemo shi.

Zan fara da abin da na san ya fi damunka. Memorinka lafiyarsa ƙalau. Baba ya ce in goge shi, na roƙe shi ya bari in ji abin da mutum yake zama da shi safe da yamma, tunda aurensa ake magana. Ya ce wannan hujja ce. Na saurare shi duka ina wanki, wasu sau biyu. Wataƙila ba ka tambaya ba lokacin da nake duba agogo a shagonku, amma Turanci nake karanta a kwaleji. Agogon kuwa da gaske shi nake kallo, na Baba ya tsaya.

Nuru ya nuna min hukuncinka na bana. Ga nawa.

Ƙatonka Mai Gemu waƙa goma sha ɗaya ya yi, tara a kan baburinsa ne. Ya fi na kowa gudu, ya fi na kowa ƙara, mata suna jin sa suna fitowa. Sauran biyun a kan gemun ne. Ban yi mamakin da ya zo na ɗaya a wurinka ba. Mai Jar Riga ta iya waƙa, kuma ihun da ya firgita ladan korar wani take yi, tana cewa ya kwashe tarkacensa da surutunsa ya bar mata gida. Ita na ba ta na biyu. Yaron mai gyaran gashi mun yi tarayya da kai, shayin otal ne.

Na ɗaya shi ne wanda ka jefa a shara. Dattijon nan ba ciwo yake yi ba. A waƙa ta uku yana ba da labarin yadda ya bar wata a bakin ƙofa ya tafi birni, bai aiko ba, bai waiwayo ba, domin ya tabbata ko shekara nawa ya yi a nan zai same ta. Da ya dawo ƙofar tana nan, kujerar tana nan, sai takalmin wani a bakin ɗaki. Bai zagi kowa ba a waƙar. Zama ya yi a kujerar. Ka ce ka haddace fiye da rabi, ban sani ba ko wannan tana cikin rabin.

Baba ya kira ni makon jiya ya tambaye ni ra'ayina, kamar yadda ya saba. Na ce masa mutum ɗaya ya aiko rediyo, ɗaya ya zo da ƙafarsa. Na ce ban taɓa jin muryarka ba tun azumi, amma na san ranar da Nuru yake canza wa Baba maganin ido. Nuru sau biyu yana cewa a dakata sai ya rubuto maka. Ya ɗauki biro ya ajiye har na gaji, na ce ya bari, ni ba taubashiyarka ba ce, ba na jin nauyinka. Dangin Nuru sun kawo gaisuwa ranar Lahadi. Hajiya Hajo ce ta shigo da kayan da kanta, babu kwali ko ɗaya.

Ba na riƙe da kai a zuciya. Ka sa mutanen layinmu dariyar da za su yi shekara suna yi, ladan ma yanzu Mai Buzu ake ce masa. Allah ya haɗa ka da wadda za ta iya jira.

Wassalam,
Shifa'u


Zahir, Makka
5 ga Jimada Ula 1436

Gaisuwa ta manya daga Sarkin Kunnen Hijaz zuwa ga jama'ar majalisar Tsoho baki ɗaya, na benci da na bulo, banda mutum ɗaya, ya san kansa. Hassan kai zaka karanta. Zauna abinka.

Naji labari. Ku sani ni na sakar masa. Tun farko tsarina kenan, naga yaron ze tsufa a gaban allo ba me kallonsa nace bari in taimaka. Wane taubashi ne ze yi wannan in ba ɗan Makka ba? Ni nan Zahir layi ake, jiya ma wata ta tambayeni kuɗin tocila sau biyu.

Yarinyar kuma kunnenta be nuna ba. Babur ai abin waƙa ne.

Na faɗawa Baba, yace Nuru ɗansa ne shima, ze aiko da turare. Ammu Mukhtaru yace in tafi gida in huta ranar, bansan dalili ba, ni lafiyata ƙalau, ƙurar shago ce ta shiga min ido.

Shekaranjiya naje Jidda. Na zaga shagunan kwamfuta ina neman wani faifai, ba wanda nake so bane, dan bincike kawai. Bansan sunansa ba. Na kwatanta musu kujerar da gidan katakon, na rera musu da hanci, wani Bahindiye ya miƙo min ruwa yace in zauna.

Nuru nasan kana gefe kana ji, da kan nan naka a sunkuye. Allah ya sanya alheri, na faɗa, kar a sake tambayata. Ka riƙe ta da kyau, ka dinga zuwa da ƙafarka tunda ita kaɗai gareka.

Abu ɗaya. Masu Umara suna tasowa ƙarshen wata. Ka karɓo memorina a wajen amaryarka, ka naɗe a takarda ka bawa namiji, kar ka bawa Gwaggo. In ta riga ta goge sauran ba komai, tsohon nan de a bar min shi, inaso in duba waƙa ta uku ko fassararta daidai ce. Ka aiko min da shi dan Allah. Da kilishin.

Bandar